Zaman Makokin Ɗan'azumi

Kwamitin masallacin bayan tasha a Dogon Dutsi ya karɓe makirfo daga hannun ladaninsa, Malam Ma'azu mai sayar da kayan moto, wato babur, bayan an yi zaman makoki da sadakar bakwai a ƙofar gidansa. Babu wanda ya rasu a gidan. Mamacin, Ɗan'azumi, zane ne, kuma Ma'azun ne da kansa ya nemi a kashe shi don ya tsira da ladancinsa. Abin ya faru bayan girbin bara, lokacin da mutanen ƙauye ke da sararin tafiya gaisuwa.

Ɗan'azumi shi ne maigida a Gidan Ɗan'azumi, shirin barkwanci na zane mai motsi da ya shekara goma sha biyu yana yawo a wayoyin mutane daga Dutsi har Tibiri. Mai yin shirin, Rabilu, tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da ya ajiye alli ya buɗe shagon cajin waya kusa da kasuwa. A nan yake zane a ordinatarsa, wato kwamfuta, ya fitar da sabuwar fitowa duk sati biyu in wuta ta yarda. Zanen ba shi da wata ƙwarewa. Baki da idanu ne ke motsi, ƙafa ba kasafai ba, don haka mazan shirin kusan kullum a zaune suke. Masu kallo ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin kuskure ba.

Tsarin shirin bai canza ba tun farko. Ɗan'azumi, mai tumbi da hula a karkace, zai ɓullo da sabuwar sana'a, ya sayar da wani abu na matarsa Lantana ya yi jari, sana'ar ta rushe kafin fitowar ta ƙare. Ya taɓa buɗe wurin sayar da ƙanƙara a tsakiyar sanyi. Ya taɓa kiwon zabi a ɗakin kwana. 'Ya'yansa biyu suna aji ɗaya a lakwal tun fitowar farko, yaran da suka fara kallon su kuwa wasu har sun yi aure. Akwai kuma jaki, wanda ba ya magana sai kuka, amma kowa ya yarda shi ne mai hankalin gidan. Duk watan azumi ana yin fitowa ta musamman, inda Ɗan'azumi ke ɗaura wa jakin akumari ya yi ta zagaye gari daga hantsi zuwa la'asar don a lissafa shi cikin matafiya.

Ma'azu ne ke ba Ɗan'azumi murya tun yana saurayi mai gyaran moto a bakin titi. Daga baya ya buɗe shago, ya yi aure, ya tsayar da gemu, ya rage tsawon wandonsa, ya koma masallacin da matasan 'yan kasuwa suka gina a bayan tasha. Da ladanin farko ya koma Yamai, aka ba Ma'azu makirfo, domin muryarsa tana kaiwa har mayanka ko lasifika ta yi gardama. Waɗanda suka san shi sun ce shagon ma bai kai masa wannan matsayi daraja ba. Yakan rufe shago ana tsakiyar ciniki, ya bar mai saye da faya-fayan moto a hannu, don kada wani ya riga shi.

Matsalar ita ce murya ɗaya gare shi. Kiran salla ba a taɓa yi masa dariya ba. Amma ladan ne ke yin sanarwa bayan an idar, kuma a nan abin ke lalacewa. In ya ce a daina barin takalma a bakin ƙofa, sai a ji sahun baya na shessheƙar dariya. In ya yi cigiyar akuya, mutane su ɗauka shi ya sayar da ita. Ranar da ya sanar da ganin watan azumin da ya wuce, wani daga baya ya tambaya, da murya a sanyaye, ko an riga an ɗaura wa jaki akumari. Liman da kansa sai da ya sunkuyar da kai ya yi tari.

Shugaban kwamitin, Malam Abdulhakim, mai sayar da yadi ne da ya yi karatu a ƙetaren iyaka, kuma bai cika shekara arba'in ba. Ya jure har damina ta wuce, sannan ya kira Ma'azu gefe bayan la'asar.

"Malam Ma'azu, ba mu ce ka yi saɓo ba," in ji shi. "Batun hukuncin zane ma mun ajiye shi, malamai sun yi saɓani. Amma ba zai yiwu mutum ɗaya ya riƙa kiran mutane zuwa salla da safe, da yamma kuma ya sayar da tukunyar Lantana ba."

"Ba ni ke sayarwa ba, Malam."

"Muryar wa ke faɗin farashi?"

Malam Abdulhakim ya ci gaba.

"Ka zaɓa, ɗan'uwa. Ko makirfon nan, ko na Rabilu."

Washegari Ma'azu ya sami Rabilu a shago, wayoyi sun kai talatin suna caji a bayansa, ya faɗa masa buƙatarsa ba tare da ya zauna ba.

"Kashe shi."

"Wa?"

"Ka san wa."

Rabilu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ladan, sau nawa na kashe shi? Ya faɗa rijiya a Kiéché. Aradu ta faɗo masa yana gyaran eriya. Kura ta tafi da shi a gaban kowa. Fitowa ta gaba yana zaune gindin itacen bedi yana jiran tuwo, babu wanda ya tambayi yadda aka yi. Haka gidan nan yake. Ba abin da ke kwana."

"To ka samo wani ya yi muryar."

"Na gwada lokacin da ka yi mura. Wata tsohuwa ta aiko jikanta da waya, ta ce in cire mata wannan baƙon in mayar mata da mai gidan."

"Mushe, za su karɓe mini ladanci."

Rabilu ya mayar da tabarau. Sun yi shekaru suna shiga ɗakin bayan shagon, su toshe taga da katifa saboda ƙarar motoci, ɗaya na karantawa ɗaya na dariya. A ƙarshe ya ce in ana son mutuwar ta zauna, to sai an yi ta yadda ake yin ta gaskiya, ba rijiya ba kura. Ma'azu ya yarda, ya kafa sharaɗi ɗaya: a yi jana'izar bisa sunna, ba kururuwa, ba jinkiri, ba sadakar uku ko ta bakwai. Rabilu ya ce ya ji.

Fitowar ta fita ranar wata Alhamis. A cikinta Ɗan'azumi bai ɓullo da wata sana'a ba. Ya ci abincin rana, ya yaba miya, ya kwanta a tabarma gindin bedi. Lantana ta yi shara ta kewaye shi, yara suka dawo lakwal suka tsallake shi, babu wanda ya ga wani abu daban. Sai da aka sauke tuwon yamma, ƙamshi ya kai gindin bedi bai motsa ba, sannan Lantana ta ajiye muciya. Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi. Rabilu ya zana ƙafafun masu ɗaukar makara suna tafiya, abin da ya ci masa aikin sati guda. Jaki ya tsaya a bakin ƙofa bai yi kuka ba.

A ƙarshe Rabilu ya sa sanarwar rasuwa da muryarsa, irin wadda ake karantawa a rediyo, da jerin dangi na Sukukutane da Kiéché da Dumega. Ya rufe ta da jimlar da ake rufe kowace irin wannan sanarwa, cewa ana zaman karɓar gaisuwa a gidan mamaci. Daga baya ya ce bai ma lura ya faɗe ta ba, bakinsa ne ya saba da jin ta. Sanarwar ba ta faɗi inda gidan yake ba.

Ranar Asabar da hantsi wasu tsofaffin mata uku daga Dumega, waɗanda suka zo duba wata 'yar'uwarsu a asibiti, suka yi sallama a ƙofar gidan Ma'azu. Shi yana shago. Mahaifiyarsa, Inna Altine, wadda ke zaune tare da shi tun rasuwar mijinta, ita ta fito.

"Mun zo gaisuwa," in ji babbarsu.

"Gaisuwar mi?"

"Ta Ɗan'azumi. Ya hankuri?"

Inna Altine ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai san zane na?"

"Awo, mun sani. Ba mu haukace ba. Amma shekara goma sha biyu muna cin tuwo shina magana cikin gidanmu. Maƙwabci ma da yawa ba su kai haka ba. Munka ce ba mu wuce garin ba mu gaida kowa ba. Mushe mai zane shi yak kashe shi, ba mu gaishe shi. Sai mai murya."

Inna Altine ta ce daga baya ta yi tunanin sallamar su daga tsaye. Amma ba a taɓa jin an mayar da mai gaisuwa daga bakin ƙofa ba, balle tsofaffi da suka sha hanya. Ta sa surukarta Afra'u, matar Ma'azu, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofar gida, ta kawo ruwa.

Daga tabarmar nan komai ya taso. Maƙwabciyar da ke fuskantar gidan ta leƙo ta ga tabarma da baƙi da hannuwa a sama, ta yafa mayafi ta zo. Da aka yi mata bayani ta yi dariya, amma ba ta tashi ba, don tashi daga zaman gaisuwa da zuwan mutum abin magana ne. Ta kusa da ita ta ga an je ba ita, ta zo. A unguwar ana riƙe da wanda ya zo wa mutum gaisuwa da wanda bai zo ba, ana riƙe shi shekaru, kuma Ma'azu, a matsayinsa na ladan, babu jana'izar da ba ya zuwa. Duk gidan da ya taɓa zuwa ya ga nauyi ya hau kansa. Kafin azahar maza sun shimfiɗa tasu tabarmar a ɗaya gefen, wani ya aro benci, gidaje biyu sun aiko da fura.

Ma'azu ya dawo cin abinci ya tarar da mutane sun kai hamsin. Suka miƙe suna ba shi hannu.

"Ya hankuri, Ladan."

"Jama'a, ba wanda ya mutu."

"Haka ne. Allah dai shi ba da hankuri."

Ya shiga gida ya sami Afra'u tana wanke kofuna. "Wa ya shimfiɗa tabarmar nan?"

"Ni. Inna ta ce."

"Naɗe ta."

"Baban Yasir, mutane na zaune a kai. Limamin tsohon masallaci ma yana kai. In ka iya ce masa ya ɗaga, ni sai in naɗe."

Bai iya ba. Ya fita ya zauna inda aka nuna masa, a tsakiya, inda mai karɓar gaisuwa ke zama. Ya yi niyyar yi wa kowane mai zuwa bayani. Bayan mutum na ashirin ya gaji, ya koma amsawa da "amin" kamar kowa.

Zaman ya ɗauki kamanninsa. Ana tuna halayen mamaci, kamar yadda aka saba, sai dai a nan ba a iya ƙare labari ba tare da an yi dariya ba, sannan a yi shiru a ce Allah ya sa mu cika da imani. Wani dillalin dabbobi daga Sukukutane ya ce duk abin da za a faɗa a kan Ɗan'azumi, bai taɓa ɗaga wa Lantana hannu ba, kayanta kawai yake sayarwa. Aka yarda da wannan. Hindatu, sakatariyar da ke ba Lantana murya, ta zo da yamma, mata suka ja ta ciki suna tambayar ta ko ta fara takaba. Mijinta, wanda ya kawo ta a moto, ya tsaya a waje yana amsa gaisuwar da bai san yadda zai ƙi ba. Rabilu ma ya zo. Babu wanda ya matsa masa wuri, ya zauna a kan bulo.

Labari ya kai wa Malam Abdulhakim a rana ta uku. Ya zo da mutum biyu na kwamiti da niyyar tashin taron. Amma hanyar shiga gidan a kan tabarma take, dole ya cire takalmi. Da ya cire, aka matsa masa wuri kusa da limamin tsohon masallaci, wanda ya girmi mahaifinsa. Ya zauna don kada ya yi magana a tsaye a kan dattijo.

"Malam ya iso," in ji wani. "Malam, a yi muna addu'a."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya.

"Jama'a, ba don wannan na zo ba," in ji Malam Abdulhakim. Ya dubi hannuwan, ya girgiza kai. "Allah dai ya shirye mu baki ɗaya."

"Amin," in ji taron, aka shafa.

Kafin ya sa takalminsa an riga an faɗa a kasuwa cewa shugaban kwamiti ne ya ja addu'ar uku. A bakin titi ya riƙe hannun Ma'azu.

"Abin da ya wuce na ɗauka ba da saninka ba ne. Amma na ji mata na batun bakwai. Ka san matsayinmu a kan sadakar bakwai ko ga mutum. In aka ɗora tukunya a gidan nan ranar, kada ka zo wa makirfo."

"Ba za a ɗora ba, Malam."

Ma'azu ya faɗa wa Afra'u, Afra'u ta ce ya faɗa wa Inna. Ya jinkirta, yana ganin abin zai mutu da kansa, don masu zuwa sun fara raguwa. Ranar da ta rage kwana ɗaya ya dawo daga shago ya tarar an jiƙa shinkafar masa a manyan robobi, an aro tanda uku, an sauke itace a tsakar gida. Inna Altine na zaune a kujerar tsuguno tana tsince wake.

Ya durƙusa a gabanta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta cika duban fuskarsa in suna magana ba.

"Inna, wannan fa?"

"Masa ta."

"Ta mece ce?"

"Ta bakwai."

"Inna, kin san ba a yi. Malamai sun yi bayani, ba ta da asali."

"Na sani. Ka yi mini bayanin da ubanka yar rasu. Na jiƙa shinkafa kamar haka, kaz zo da abokanka masu guntun wando, kunka ce ba a yi ma mamaci bakwai. Na zubar ma kaji. Ƙannenai sunka zo daga Kiéché sunka koma ba su sha ko ruwa ba. Ban ce komi ba."

"To ai hukuncin ɗaya ne."

"Kun ce ba a yi ma mamaci. Wanga mamaci na?"

"A'a."

"Mutum na?"

"Zane ne, Inna."

"To wace doka ta hau kan zane? Masa za ni soyawa in ba mutane su ci. In akwai littafin da ya hana ba mutane masa, kawo shi."

"Za su karɓe mini ladanci."

Ta ci gaba da tsintar wake. Da ta yi magana, da surukarta ta yi. "Afra'u, ce ma mijinki in shina so, shi ɗauki robobin shi zubar ma kaji. Ya san hanya."

Ma'azu ya tashi ya tsaya a kan robobin. A cewar Afra'u, ya daɗe a wurin har ta ɗauka zai ɗauka. Daga baya ya ja murfin ɗaya da ya karkace, ya rufe shi da kyau saboda ƙuda, ya fita.

An yi sadakar washegari da hantsi, kuma ta fi zaman farko cika. Motar haya ɗaya ta zo daga Dumega, amalanke biyu daga Kiéché, cikinsu har da ƙannen mahaifin Ma'azu, waɗanda Inna Altine ta aika wa takanas. Su ba su taɓa kallon shirin ba, ba su kuma tambayi wane ne Ɗan'azumi ba. Da limamin tsohon masallaci ya ɗaga hannu, ya yi addu'a ga mamatan gidan da na unguwa da na Musulmi baki ɗaya, bai ambaci sunan kowa ba. Inna Altine ta shafa daga cikin zaure, ta tashi ta koma wajen tanda. Ma'azu da kansa ya riƙa fito da farantai. Mahaifiyar Malam Abdulhakim tana cikin matan da suka yi suya.

Da lokacin azahar ya gabato ya wanke hannu ya nufi masallaci. Ya tarar an kulle akwatin da ake ajiye makirfo, an sauya kwaɗo. Ya tsaya a bakin ƙofa har wani matashi mai suna Is'haƙa, mai sayar da katin waya, ya zo da sabon makulli, ya gaishe shi ba tare da ya ɗaga ido ba, ya yi kiran. Muryar ba ta wuce tasha ba. Ma'azu ya yi salla a sahu na biyu.

Kwamiti ya zauna bayan kwana biyu, a ɗakin karatun da ke jikin masallaci, mutum bakwai da Ma'azu. Malam Abdulhakim ya karanto laifin a taƙaice: an yi bidi'ar sadakar bakwai a gidan ladan, bayan an gargaɗe shi.

"Wa aka yi wa?" in ji ma'ajin kwamiti, Alhaji Abdulmajid, wanda ya fi kowa shekaru a wurin.

"Ɗan'azumi."

"To in mun rubuta an yi wa mamaci bakwai, mun yarda Ɗan'azumi mamaci ne ke nan. In mamaci ne, ya rayu. Ni ba zan sa hannu a kan wannan ba, a kai shi kasuwa a yi mana dariya."

"To a rubuta an yi wa zane."

"In zane ne, babu mamaci. In babu mamaci, babu bakwai. Saura masa. Ciyarwa kuwa kai da kanka ka yi mana wa'azin falalarta."

Wani ya ce niyya ake dubawa. Aka tambayi Ma'azu niyyar wa, ya ce tasa ita ce a ci a watse, ta mahaifiyarsa kuwa sai a tambaye ta. Babu wanda ya ɗauki nauyin zuwa tambayar ta. Wani ya ce ai ko ba bidi'a akwai wasa da mutuwa. Alhaji Abdulmajid ya tambaya wa ya ce a kashe shi tun farko. Malam Abdulhakim ya ce shi zaɓi ya bayar, bai ce a kashe kowa ba. Wani kuma ya kawo batun addu'ar uku, Malam Abdulhakim ya ce ba a kanta ake zaune ba.

Aka tambayi Ma'azu ko yana da abin cewa.

"Kun ce in bar shirin, na bari," in ji shi. "Kun ce in hana tukunya, ban hana ba. Uwata ce. Abin da kuka yanke na karɓa, amma ina son makirfon."

Ɗaya daga cikin matasan kwamitin ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ya ce daga baya ba maganar ce ta ba shi dariya ba, da irin wannan muryar Ɗan'azumi ke roƙon Lantana in asirinsa ya tonu.

An tashi uku da uku, ɗaya ya ce bai gane tambayar ba. Aka yanke a aika wa wani malami da kwamitin ke girmamawa a ƙetaren iyaka, wanda ya koyar da Malam Abdulhakim, a kuma bar makirfo a hannun Is'haƙa har amsa ta zo. In malamin ya ce bidi'a ce, Ma'azu ya sauka ke nan. In ya ce ciyarwa ce, a mayar masa da makulli.

Tun daga lokacin Ma'azu na buɗe shago da wuri, yana rufewa in ya ji kiran Is'haƙa, in iska ta kawo shi. Mutanen wajen mayanka sun kai kuka sau biyu cewa salla na wuce su. Rabilu ya ci gaba da shirin ba maigida. A fitowar da ta biyo baya Lantana ta buɗe sana'ar ƙosai, sana'ar ta yi albarka, babu wanda ya sayar mata da kasko. Masu kallo sun ce babu abin dariya a ciki, da yawa sun daina karɓar shirin. Rabilu ya je shagon Ma'azu sau ɗaya ya ce masa ana iya nuna cewa mafarki Lantana ta yi. Ma'azu ya ce a jira malam.

Malamin bai ba da amsa nan take ba. Ya saurari bayanin Malam Abdulhakim ta waya, ya yi tambayoyi a kan tabarmar da kan masar, sannan ya ce ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, a turo masa shirin tun daga fitowar farko. Rabilu ya zuba shekara goma sha biyun a katin memori, wani direba ya kai. Labarin ƙarshe da ya iso Dutsi, ta bakin direban, shi ne malamin ya kai shekara ta huɗu, kuma ya aiko a gaya wa Rabilu akwai fitowa biyu da suka ƙi buɗewa, a sake turo su.